Haya ko saye? Kafin in sake biyan kuɗin Premiere ina son jin ta bakinku

Sadi_Edita
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan nan yarjejeniyata ta shekara da Premiere Pro, manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe, za ta ƙare, kuma na kasa yanke shawara. Aikina bidiyon biki ne da tallar 'yan kasuwa, sai wani shiri mai dogon zango da nake tace wa wasu yara masu tashar YouTube. Farashin da ke shafinsu na Amurka dala 22.99 ne a wata in ka ɗauki ta shekara, kusan dala 276 ke nan. DaVinci Resolve Studio kuwa, wata manhajar tace bidiyon, dala 295 ne, biya ɗaya an wuce wurin. Kuɗin hayar wata 13 ya sayi wancan har da canji. To me ya sa har yanzu manyanmu a harkar nan suke ta biyan haya? Akwai abin da idona bai gani ba ne? Don Allah waɗanda suka taɓa aiki da duka biyun nake son ji, ba masu "an ce" ba.

Ummi_MaiKala
Wa alaikumus salam. Babu abin da ba ka gani ba Malam Sadi, sabo ne kawai yake riƙe mutane. Ni na koma Resolve tuntuni, kuma tun da na sayi lasisin ba a sake tambayata sisi ba. An fito da 18, an fito da 19, duk na sabunta kyauta. Kai, ko na kyautan ma ya ishi mai bidiyon biki, yana fitar da aiki har Ultra HD, ba ya manna maka tambari a kai. Ka fara saukar da shi ka gwada kafin ka cire ko kwabo.

Auta_04
Ina biye da ku 👀

Baba_ZamaninKaset
Sadi ɗana, bari in ɗan ja ka baya, don ku yaran yanzu kuna maganar saye kamar wata aljanna ce da aka kore mu daga ciki. Mu da muka fara haɗa hoto da na'urar kaset biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa, mun ga zamanin sayen. Lokacin da CS6, jerin manhajojin Adobe na saye, ya fito a 2012, Premiere shi kaɗai dala 799 ne. In kana son kayan gaba ɗaya, wanda suke kira Master Collection, dala 2,599. Wa yake da wannan kuɗin a cikinmu? Kuma in sabo ya fito sai ka sake biyan kuɗin sabuntawa, ba kyauta ake ba ka ba. Da Adobe suka sanar a watan Mayun 2013 cewa sun daina fitar da na saye sai haya, Turawa sun yi ta ihu, har takardar koke aka yi ta sa wa hannu. Amma ƙaramin edita a lokacin ne karon farko da ya ga zai iya taɓa halastaccen kaya da dala 50 a wata, kuma duka manhajojin ne ba ɗaya ba.

Ban ce haya ta fi ba. Cewa nake yi kada a yi mana kwaskwarimar tarihi.

Ummi_MaiKala
Baba, ai ba wanda ya ce a koma 2012. Na sayen yanzu 295 ne, ba 2,599 ba.

Baba_ZamaninKaset
Haka ne 'yata. Amma ki tambayi kanki me ya sa ya yi araha haka. Zan dawo kan wannan, bari in yi sallah.

Nura_Injiniya
Bari in ɗora kafin Baba ya dawo. Blackmagic Design kamfani ne na Ostareliya da ke sayar da kyamarori da na'urorin studiyo. A 2009 suka sayi da Vinci, wanda a da sai manyan gidajen gyaran kalar fim ke iya mallakarsa. Su ba daga manhajar suke cin abinci ba, manhajar ƙofa ce da za ta kai ka ga sayen kyamararsu da allon gyaran kalarsu. Shi ya sa in ka sayi wasu kyamarorinsu ko ɗan allon nan Speed Editor sabo, lasisin Studio yana cikin kwalin. Apple ma haka, Final Cut Pro dala 299.99 tun 2011, ana ta sabunta shi kyauta har zuwa na 11, amma sai kana da Mac, kuma Mac ɗin su ke sayar maka. Adobe ba su da kyamara, ba su da kwamfuta. Kuɗinsu a jikinka yake kai tsaye.

Abin lura shi ne sabuntawa kyauta a Resolve al'ada ce da suka ɗore a kai, ka saya ne da fatan za su ci gaba. Ran da suka ga dama suka ce sabon sai an biya, wanda ke kwamfutarka zai ci gaba da aiki, iyakarsa ke nan.

Yaro_MaiWaya
Ni fa duk dariya kuke ba ni wallahi 😂 Wa yake biyan kuɗin manhaja a garin nan? Ka ba yaro dubu biyu ya zuba maka komai har da fulogin. A bar kaza cikin gashinta kawai.

Malam_Habu_Gwale
Yaro, wannan da kake faɗa da dariya haƙƙin mutane ne fa. Kai in wani ya kwashe bidiyon da ka kwana kana tacewa ya ɗora a tasharsa yana karɓar kuɗin talla, ba nan kake zuwa kana Allah ya isa ba? Mu ne kullum muke kukan masu satar fasaha sun karya kasuwar faifai, sai kuma mu zauna mu tace fim ɗin da kayan sata. Da a ce babu mafita sai a ce lalura ce. Ga na kyauta halastacce Ummi ta faɗa, ga Kdenlive ga Shotcut su ma ba a biyan komai.

Yaro_MaiWaya
Allah ya huci zuciyar Malam. Ni dai CapCut nake yi yanzu, na tuba 🙏

Auta_04
CapCut ɗin da kullum ka buɗe sai ka ga abin da ka saba amfani da shi kyauta an manna masa Pro? Ai kai ma ɗan haya ne Yaro, ba ka sani ba ne.

Kabiru_Biki
Maganar kayan da ake zuba wa mutum a kasuwa, ku bar batun halas da haram ma tukuna, ku ji abin da ya same ni. Wani yaro a wani shago ya zuba mini irin wannan, har da abin da ya ce zai hana ta tambayar lasisi. Ashe da ƙwayar cuta a ciki. Ina tsakiyar aikin wani biki, na gama kamu da ɗaurin aure saura dina, sai na wayi gari duk fayilolin da ke had dis sun canza suna, ko ɗaya ba ya buɗuwa, ga wata takarda a fuskar kwamfuta wai in tura kuɗi. Katin kyamara kuwa na riga na goge na ɗauki wani aikin da shi. Uwar amarya ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi "Kabiru, kakarta da ta yi mata addu'a a wajen kamu ta rasu satin da ya wuce, wannan wurin kaɗai nake so." Ban da abin da mai ɗaukar hoto na biyu ya ɗauka da ba mu da komai. Daga ranar ban sake barin wani ya sa mini filashi a kwamfutar aiki ba.

Ummi_MaiKala
Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba, Yaya Kabiru.

Hajiya_MaiStudiyo
Ni ba edita ba ce, ni ce mai biyan editoci, don haka lissafina daban yake da na Sadi. Yara uku ke zama a studiyona. Haya kowace kujera da kuɗinta, ba a haɗa mutum uku a asusu ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai da haya shi ne ba ta san azumi ba. Watan Ramadan biki yana tsayawa cak, kuɗi ba ya shigowa, amma ranar da aka saba cira sai an cira. Ga albashi, ga man janareta.

Duk da haka ban daina ba, kuma ga dalili. Rabin aikin da ke kawo mana kuɗi mai kauri daga ƙungiyoyi ne da kamfanonin talla na Abuja da Legas, kuma in sun turo aiki furojet ɗin Premiere suke turowa, da tambarinsu mai motsi da aka yi a After Effects, manhajar Adobe ta rubutu da zane mai motsi. Su ce ka sa Hausa, ka gyara nan da can, ka mayar mana da furojet ɗin yadda editanmu zai buɗe. In na ce musu ni Resolve nake yi, ba za su tsaya ja-in-ja da ni ba, studiyon gaba za su kira. Haka in yarona ya tafi na sa cigiyar edita, cikin waɗanda za su zo kusan duk Premiere suka iya.

Kabiru_Biki
Hajiya a azumi ai tafsiri ake ɗauka, mu kam ba ma zama 😄

Hajiya_MaiStudiyo
Tafsirin da ake biyanka da "Allah ya saka da alheri"? Ina amin, amma ba a sayen dala da shi.

Nura_Injiniya
Hajiya akwai tsarin wata-wata zalla, wanda za ki iya dakatarwa duk watan da babu aiki. Sai dai ya fi tsada, ya haura dala 30 a wata. Kuma ku kula da wannan sosai, don nan mutane da yawa ke faɗawa: wanda ake nuna muku na 22.99 ba na wata ba ne, yarjejeniyar shekara ce da ake karɓa kashi-kashi. In kwana 14 na farko suka wuce ka ce ka fasa, rabin abin da ya rage na shekarar za a caje ka. A kan wannan ne ma hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa aka maka Adobe a kotu a watan Yunin 2024, bisa zargin ba sa bayyana kuɗin fasawar a fili kuma suna wahalar da mai son fita. Sadi, in za ka bari, wannan watan da yarjejeniyar ke ƙarewa shi ne lokacin. In ka bari ta sabunta kanta ka shiga wata shekarar.

Sadi_Edita
Na gode Injiniya, wannan kam na duba, na ga ranar.

Hajiya, ni ba na samun irin wannan aikin na ƙungiyoyi, ko in ce sai jefi-jefi. Amma After Effects ɗin nan da kika ambata ya taɓa ni, don katin gayyata mai motsi da sunayen ango da amarya duk da shi nake yi.

Ummi_MaiKala
Fusion, sashen zane mai motsi, yana cikin Resolve, yana yin duk wannan.

Jamilu_Motion
Anti Ummi, a nan kam ban yarda ba. Yana yi, amma ba yadda kike faɗa kamar cire riga ba. After Effects shimfiɗa kan shimfiɗa ne, wanda ya iya Photoshop zai gane shi da wuri. Fusion ƙulle-ƙulle ne da ake jona su da layi, sai ka sake koyon tunani daga farko. Sannan tamfilet ɗin da ake sayarwa a intanet, waɗanda duk muke dogaro da su in amarya ta ce gobe take son katinta, mafi yawa na After Effects ne. Mutumin da ke da biki uku a sati yaushe zai zauna koyon wannan? Lokacin koyo ma kuɗi ne, ba wanda ya sa shi a lissafin wata 13.

Ummi_MaiKala
Na yarda Fusion yana da wuyar shiga. Amma sau ɗaya ake koyo, haya kuwa har ka tsufa.

ƊanDamagaram
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni nan Zinder nike montaj, kuma abin da na lura matsalarku ba abonma (haya) ba ce, naira ce. Mu sefa tamu a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro, ba ta motsi. Abin da na biya bara kusan shi zan biya bana, sai ɗan abin da dala ta hau ko ta sauka. Ku kuwa farashin bai canza ba a wurinsu amma a aljihunku ya ninka. Mu tamu wahalar kuran (wutar lantarki) ce da intanet, da samun katin da zai wuce.

Nura_Injiniya
Wannan gaskiya ne ɗan uwa. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Ka ɗauki dala 23: a 460 naira dubu goma da 'yan kai ne, a 1,500 kuwa dubu talatin da huɗu da ɗari biyar. Ba wanda ya ƙara maka farashi, amma kana biyan ninki uku. Wanda ya sayi lasisinsa kafin nan ya tsallake wannan gaba ɗaya. To amma ta ɗaya gefen, dala 295 a 1,500 naira 442,500 ce a dunƙule. Ba kowa ke iya ajiye ta a tebur rana ɗaya ba.

Hajiya_MaiStudiyo
Kun tuna 2022 da bankuna suka mayar da abin da katin naira zai iya kashewa a waje dala 20 a wata? Premiere a lokacin 20.99 ne. Saboda abin da bai kai dala ɗaya ba kati ya ƙi wucewa. Daga baya ma suka rufe gaba ɗaya, sai neman katin dala na cikin waya, da roƙon 'yan uwa da ke waje su biya maka ka tura musu naira. Sai a 2025 wasu bankunan suka sake buɗewa. Wannan ita ce fargabata ta gaskiya da haya: kuɗin yana hannunka, kana son biya, hanya ta toshe, aikin mutane yana ciki.

Baba_ZamaninKaset
Na dawo, na ga Injiniya ya riga ni faɗin abin da zan faɗa kan kyamara, ya kuma fi ni iya tsara shi. To ga sauran.

Ku da kuke cewa "na saya, nawa ne har abada", ku tambayi waɗanda suka yi zamanin Final Cut Pro 7. Saye suka yi, da kuɗi mai yawa, gidajen talabijin da masu fim a duniya sun gina aikinsu a kansa. A watan Yunin 2011 Apple ya fito da Final Cut Pro X, sabon abu ɗungurungum, ba ya ma buɗe furojet ɗin tsohon, aka kuma janye tsohon daga kasuwa. Wanda ya saya yana da abinsa, ba wanda ya ƙwace. Amma da sabon tsarin Mac, macOS High Sierra, ya zo a 2017 tsohon ya daina tashi. Sai dai ka ajiye tsohuwar kwamfuta a lungu kana lallaɓa ta, ba ka sabunta komai a kanta. CS6 ma haka, da macOS Catalina ya zo a 2019 ya daina karɓar manhajoji masu 32-bit, girka shi a sabon Mac ya zama tarihi. Ga kyamarori kullum da sabon nau'in fayil, tsohuwar manhaja ba ta san su ba.

Gidan kanka ne, na yarda, ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarshen wata. Amma filin da aka gina shi a kai ba naka ba ne.

Malam_Habu_Gwale
Baba, duk da haka akwai bambanci. Na Final Cut 7 ya samu shekara shida yana shirin ƙaura. Ɗan haya in bai biya ba, wata ɗaya ya yi yawa an rufe.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Ku ƙara da abin da ya faru da mutanen Benezuwela. A watan Oktoban 2019 Adobe ya aika musu cewa zai rufe asusun duk wanda ke ƙasar saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa. Mutane sun biya kuɗinsu, ba su yi laifin komai ba, rigimar shugabanni ce. Daga baya aka samu izini aka bar su. Amma ka ga a 'yan makonnin nan mai sana'a bai san ko gobe zai buɗe kayan aikinsa ba. Mu da muke Afirka, wa ya san ranar da za a yi fushi da gwamnatin ƙasarsa?

ƊanDamagaram
Mu ai mun ɗanɗana takunkumi a 2023, har kuran da ke zo mana daga Najeriya aka yanke. Kada ka tuna mini.

Nura_Injiniya
A shekarar 2019 ɗin dai, a watan Mayu, Adobe sun aika wa masu haya saƙo cewa su daina amfani da wasu tsofaffin nau'o'in manhajojin, ba su da lasisinsu kuma, alhali suna kan biya. Lokacin suna shari'a da kamfanin fasahar sauti Dolby. Wato ko kana biya ba kai ke zaɓar wanda za ka zauna a kai har abada ba.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Wasu suna zaton in babu intanet Premiere ba ya tashi. Ba haka ba ne, a kwamfutarka yake zaune. Yana dai leƙawa lokaci-lokaci ya tabbatar ka biya, mai yarjejeniyar shekara yana iya kaiwa kwana 99 ba tare da ya jona ba.

Auta_04
Tambaya don Allah, kada a yi mini dariya. In na daina biya, bidiyoyin da na riga na fitar su ma za su rufe?

Jamilu_Motion
A'a ƙanena. Abin da ka riga ka fitar MP4 naka ne. Fayil ɗin furojet ma yana nan a had dis ɗinka, manhajar da za ta buɗe shi ce ba ka da ita sai ka sake biya.

Sadi_Edita
To nan ne fa gizo ke saƙar a wajena. Shirin yaran nan mun yi nisa, duk zangon farko a Premiere yake. Darakta yakan kira ya ce a ciro wani fage daga kashi na baya a sa a matsayin tuna baya, ko mai talla ya janye a cire tallarsa a sake fitarwa. In na bar haya, ya zan yi da waɗannan?

Ummi_MaiKala
Kafin ranar ta cika ka zauna ka yi abu uku. Kowane kashi ka fitar da XML ɗinsa, wato fayil mai ɗauke da tsarin yankan, Resolve yana karɓa, yankan da jerin hotunan za su zo. Rubutu da gyaran kala da yawancin ifet ba za su biyo ba, kada ka sa rai. Sannan ka fitar da kowane kashi da inganci mai nauyi, ProRes ko DNxHR, ɗaya da rubutu ɗaya babu rubutu ko tambari. Sannan sauti daban-daban: magana ita kaɗai, kiɗa shi kaɗai, sauran ƙararraki su kaɗai. In kana da waɗannan, yawancin abin da darakta zai nema za ka yi shi ba tare da ka buɗe tsohon furojet ba. Ranar da ta kama dole, ka ɗauki hayar wata ɗaya ka sa a kuɗin aikin.

Baba_ZamaninKaset
Wannan shawarar Ummi ko ba ka sauya manhaja ba ka riƙa yin ta. Da yawa cikin finafinanmu na farko yau ba a da su sai kwafin da ya sha ruwa, saboda ba wanda ya ajiye uwar.

Kabiru_Biki
Sai dai ka tanadi had dis, ProRes ba ya wasa da wuri. Kuma biyu, ba ɗaya ba. Ku tambaye ni.

Jamilu_Motion
Wani abin da masu tallar Resolve ba sa faɗa: yana cin kwamfuta. Su da kansu 16GB na RAM suka rubuta mafi ƙaranci a Windows, in za ka yi Fusion 32, kuma ya dogara sosai da katin hoto. Laftof ɗin da yawancinmu ke saya na hannu ba ta da katin kirki. Ka sayi lasisin 295 ka ga taimlayin yana tsalle, sai ka koma neman kwamfutar miliyan. Kwamfuta mai katin hoto babba kuma tana shan wuta, in sola kake amfani da ita batirinka zai gaya maka.

Ummi_MaiKala
Sabon Premiere ma ai ba ya tausayin tsohuwar laftof. Kuma akwai furoksi a duka biyun, ka yi yanka da ƙananan fayiloli ka fitar da manya. Shi ya sa na ce ya gwada na kyauta tukuna, kwamfutarsa za ta ba shi amsa da kanta. Abin da zai sa ka biya Studio shi ne rage hatsi-hatsin hoto in ka yi ɗauka a wurin dina mai duhu, da ware murya daga hayaniyar janareta, da Magic Mask mai ware mutum daga abin da ke bayansa a hoto, da kuma wasu fayilolin 10-bit da na kyauta ba ya buɗewa a Windows. Lasisi ɗaya kuma yana hawa kwamfuta biyu.

Hajiya_MaiStudiyo
Kwamfuta biyu? Wannan ban sani ba. Wato lasisi biyu sun ishe ni har da rara.

Zango_Kumasi
Ku dai karanta abin da aka rubuta da kyau kafin ku sayi duk abin da aka ce na dindindin ne. Masu Filmora sun ga haka a ƙarshen 2022, da na 12 ya fito aka ce wa masu lasisin har abada sai sun ƙara kuɗi, sai da aka yi ta surutu a YouTube kamfanin ya janye. Yawancin na saye, irin su Vegas da EDIUS, nau'in da ka saya shi ne naka, in babban sabo ya fito ka biya kuɗin hawa. Ba laifi ba ne, amma ka san shi.

Malam_Habu_Gwale
Kuma a guji masu tallar lasisi a rabin farashi a WhatsApp. Wani abokin aikinmu ya saya, ashe mutum goma aka sayar wa lamba ɗaya, kowa ya kunna sai ta fitar da wani.

Yaro_MaiWaya
To ni tambayata, duk wannan AI da suke cewa saboda shi ake biyan haya, wanne ne yake mana amfani? Mai rubuta magana da kansa na Premiere ba ya jin Hausa. Har yau da hannu muke buga fassarar Turanci a ƙasan fim layi-layi.

Jamilu_Motion
Yau kam ka yi magana Yaro 😂 Amma mai gyara murya yana mana amfani.

Nura_Injiniya
Kuma ku lura, ko masu sayarwa sun fara leƙa haya. Final Cut na iPad da ya fito a 2023 ba a sayar da shi ba, haya aka sa masa, dala 4.99 a wata a lokacin. Ina ganin inda iska ke kaɗawa ke nan, musamman da abubuwan AI da ke cin kuɗin manyan kwamfutocin intanet (saba) a wajensu kullum.

Ummi_MaiKala
Shi ya sa mai niyya ya saya tun ana sayarwa.

Baba_ZamaninKaset
Ko kuma shi ya sa kada ya ɗauka ya sayi zaman lafiyar shekara ashirin.

Sadi_Edita
Na karanta duka, Allah ya saka. Inda na tsaya yanzu: na saukar da na kyauta, zan yanka bikin Asabar ɗin nan da shi in ga yadda laftof za ta yi. Shirin yaran kuwa ba zan sauya doki a tsakiya ba sai an rufe zango, ko da zan biya na wata-wata mai tsadar na ɗan lokaci. Katin gayyata ne har yanzu ban san yadda zan yi ba.

Jamilu_Motion
Ka turo mini su in riƙa yi maka, mu raba 😎

Hajiya_MaiStudiyo
Ni kuma ina tunanin barin kujera ɗaya a haya saboda aikin Abuja, sauran biyun su koma Resolve. Ummi, nawa za ki karɓa ki zo ki zauna da yarana ki nuna musu? Amma ban da ranakun Juma'a zuwa Lahadi.

Jamilu_Motion
Hajiya studiyo ɗaya manhaja biyu? Ran da mai Premiere ya kwanta rashin lafiya ana jiran aiki, wa zai buɗe furojet ɗinsa?

Hajiya_MaiStudiyo
Ai duk sun iya Premiere, Jamilu. Kujerar ce ɗaya, ba hannun ba.

Ummi_MaiKala
Hajiya zan yi miki magana ta ciki. Ki fara turo mini bayanin kwamfutocin, RAM da katin hoto, kada in zo mu zauna muna kallon juna.